Farfesan Akoka da waƙar shanu: hirar zauren Hausawan Legas

Ummi Akoka: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah taimako nake nema musamman wajen su Alhaji masu harkar shanu. An ba mu aiki a makaranta kan wata waƙar turanci ta J.P. Clark mai suna Fulani Cattle, na duba na ga duk 'yan ajinmu abin da ke intanet suke kwafa, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa kusa da sa a cikinsu sai dai a faranti. A taƙaice mawaƙin ya ci karo da garke za a kai su yanka sai nadama ta kama shi, yake tambayar shanun wane sirri aka kulle a tozonku da kuke tafiya mayanka ba gardama ba harbi, ko kuwa doguwar tafiyar nan ce daga hamada ta cikin ciyawa da kurmi har garuruwan bakin teku ta gajiyar da ku har kuke neman hutu ko da na wuƙa ne. A ƙarshe ya roƙe su kafin a yanka su su sam masa haƙuri ko da irin na wutsiyarsu. To wai da gaske haka shanu suke?

Alhaji na Kara: Wa alaikumus salam 'yata. Ba gardama ba harbi? Wannan bawan Allah daga nesa ya hango su wallahi. Ya zo nan Oko-Oba da asuba lokacin da ake sauke tirela ya ga yadda bijimi ɗaya yake tara ƙarti shida da igiya, wani a ƙaho wani a ƙafar baya, kuma duk da haka sai ya ja su. Rahaji musamman, jajayen nan masu dogon ƙaho, in ya ji warin jini ba mai riƙe shi sai wanda ya san hannu. Bokolo ne dai mai sanyin hali, bunaji kuma tsaka-tsaki, ya danganta da yadda aka rene shi.

Alhaji na Kara: Sannan batun wutsiya abin ya ba ni dariya, ai duk jikin sa babu inda ya kai wutsiya rashin haƙuri, yini take tana kaɗa ƙuda ba ta zama.

Baban Walid: Hhhhh Alhaji ka gama da farfesa tun ba a je ko'ina ba

Malam Ticha: Alhaji ranka ya daɗe a yi masa adalci. Shanun da ya gani ba na tirela ba ne. Waƙar tana cikin waƙoƙinsa na farko, tun yana saurayi wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, lokacin kuma da yawan shanun da ake ci a kudu a ƙasa suke zuwa, sauran a jirgin ƙasa. Kai ka fi ni sanin yadda san da ya tako tun daga arewa yake isowa.

Alhaji na Kara: To nan kam ka zo da magana Malam. Ni ban yi koren ƙasa ba, na tarar ana lodi, amma mahaifina ya yi kuma a bakinsa na ji. Ya ce sai a haɗa shanu a kasuwannin arewa a ba 'yan kore, su biyo burtali su tsallaka Kwara a Jebba, su faɗo Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun wato Ibadan, wasu har nan Ikko. Tafiyar makonni ce. Da an shiga kurmi ƙudan tsando ya fara cizo sai ciwon sammore, sa ya rame tozo ya kwanta gefe guda, ido yana hawaye, kofato ya fashe. Wanda ya kasa a hanya nan za a yanka a sayar da arha kafin ya zama mushe. Wanda ya iso kuwa ko yaro ya ja igiyarsa zai bi. To in irin waɗannan ya gani a bakin titin Badun, bai yi ƙarya ba, sai dai abin da ya kira haƙuri mu a wajenmu ciwo ne da gajiya, kuma asara ce, don san da ya bar gida da ƙiba ya iso ƙashi da fata kuɗinsa ya zube a hanya.

Ummi Akoka: Baba na gode sosai wallahi, ai shi ma ya kawo batun gajiyar a matsayin tambaya, bai yanke hukunci ba. Zan rubuta sammore ɗin nan in ga yadda lakcara zai yi da ni

Hajiya Mai Atamfa: Wai shi wane ne mutumin nan ne? Sunan kamar na bature

Malam Ticha: Ba bature ba ne Hajiya, ɗan ƙabilar Ijo ne daga Kiagbodo a jihar Delta ta yanzu, mahaifiyarsa Urhobo. John Pepper Clark, daga baya ya ƙara Bekederemo sunan kakanninsa. Ƙanen marigayi Edwin Clark ne, dattijon nan na Neja Delta da ba ya shiru a jarida lokacin yana raye. Ya yi kwalejin gwamnati ta Ughelli, ya wuce jami'ar Ibadan ya karanta turanci ya gama a 1960, yana ɗalibi ya kafa wata 'yar mujallar waƙoƙi The Horn wadda da yawan marubutan zamanin a cikinta suka fara fitowa. Ya yi aikin jarida a Daily Express nan Legas, aka ba shi gurbin karatu a Princeton ta Amurka, zaman bai yi daɗi ba ya dawo ya rubuta littafi yana caccakar Amurkawa, America, Their America, 1964. Daga baya ya koyar da adabin turanci a jami'ar Legas nan Akoka inda Ummi take har ya zama farfesa, ya ajiye aiki a 1980. Bayan nan shi da matarsa Ebun suka buɗe gidan wasan kwaikwayo na PEC a 1982 duk a garin nan.

Hajiya Mai Atamfa: Tsaya tsaya, shi ne mai Night Rain? Wadda ruwa yake zuba cikin ɗaki da dare uwa tana ta janye kayan abinci daga inda yake ɗiga yara suna kwance a tabarma? Mun yi ta a sakandare a Zariya!! Wallahi ita kaɗai ce waƙar turancin da na gane ba tare da malami ya yi bayani ba don ɗakin kakata haka yake, damina in ta yi nisa duk kwanon gidan sai ya shigo ɗaki, nan tasa nan ƙwarya, kuma kowanne da irin ƙararsa. Ashe ɗan Najeriya ne ma

Baban Walid: Ni fa ku yi haƙuri, tambaya ɗaya gare ni. Wannan abin da kuke kira waƙa wa ya taɓa rera ta? Mu dai abin da muka sani waƙa tana da kari tana da amsa-amo, in ka ɗauki baitin Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja ko Imfiraji ta Aliyu Namangi ko ba ka iya karatu ba in aka rera maka sau biyu ka riƙe. Almajirai da makafi sun yi bara da Imfiraji a kasuwa, mata suna daka suna yi. Su kuma waɗannan sai a rubuta layi biyar a ce wai an yi wa garin Ibadan waƙa, a tilasta wa yara haddacewa don WAEC, ana fitowa jarrabawa an manta. In ba don manhaja ba wa zai san shi? Farfesa ya rubuta, farfesa ya saka a manhaja, farfesa ya yi makin. Kasuwar gida ce kawai

Malam Ticha: Baban Walid rabin maganarka gaskiya ce rabi kuma son kai. Gaskiya ne waƙar turanci a ƙasar nan makaranta ce ta riƙe ta, ba ta da makaho mai bara da ita. Amma ga Hajiya nan shekara nawa da barin sakandare ba ta manta ba, kuma ba don maki ta riƙe ba. Sannan ita Fulani Cattle ɗin tana da amsa-amo, ba dai irin namu ba da za a ɗauki harafi ɗaya a bi shi tun daga farko har tammat, nasu yana canzawa. Ta Ibadan ɗin kuma da kake rainawa, duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tudu a garin ya hango jajayen kwanukan nan masu tsatsa sun bazu ko'ina ya san mutumin ya gani da idonsa. Mu namu mawaƙan sun fi ƙarfi a wa'azi da gargaɗi da siyasa da yabo, za su gaya maka abin da ya kamata ka yi. Shi kuma ƙarfinsa a nuna maka abu ne ya yi shiru. Ni ban ga dalilin da zai sa sai an kashe ɗaya kafin ɗaya ya rayu ba.

Baban Walid: To ai shi ya sa na ce ba waƙa ba ce, hoto ne

Ummi Akoka: Kawu to Aƙilu Aliyu fa da ya yi wa ƙwallon ƙafa waƙa, ita ma wa'azi ce? 😄

Baban Walid: Ke Ummi ba da ke nake ba, Aƙilu ko lissafin kasuwa ya rubuta sai ya hau kari

Sani Mile 12: Ina ta karantawa ina sauke tumatir. Ni abin da ban gane ba, mutum yana koyar da adabi a jami'a kuma yana rubuta waƙa, ba kamar alƙalin wasa ya shiga fili yana buga ƙwallo ba ne? Wa zai ce masa tasa ba ta yi ba

Malam Ticha: Sani an faɗa masa kuwa, har da zafi, zan zo kan wannan. Amma bari in faɗi abin da ni a wajena ya fi duk waƙoƙinsa nauyi, kuma aikin jami'a ne ya ba shi damar yi. Mutanensu suna da wani dogon labari na baka, labarin Ozidi, yaron da aka kashe ubansa da makirci tun yana ciki, kakarsa mai tsafi ta rene shi don ya ɗauki fansa, ya yi ta kashe abokan gaba har abin ya wuce iyaka. Ba a ba da labarin a zaune kawai, kwana bakwai ake yi da kiɗa da rawa da amshi. Clark ya samo wani mai ba da labarin, Okabou, ya ɗauki muryarsa a Ibadan a 1963 tun daga farko har ƙarshe, sannan ya zauna shekara da shekaru ana rubutawa da harshen Ijo ana fassarawa, littafin bai fito ba sai 1977, The Ozidi Saga, harshen Ijo da turanci gefe da gefe, har da inda 'yan kallo suka sa baki ko suka yi dariya bai cire ba. Ku lissafa tsakanin 1963 da 1977. Mutumin da ya riga ya yi suna, da zai iya zama yana rubuta nasa ana tafa masa, ya ɓata wannan lokacin a kan maganar wani tsoho da ba a san shi ba. Ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan labarin a 1966, har fim an ɗauka na yadda ake yin sa a can cikin ruwa.

Hajiya Mai Atamfa: Ikon Allah. Mu wa ya yi mana irin wannan?

Malam Ticha: An yi mana Hajiya, kada mu zama marasa godiya. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata ya yi digirinsa na uku a Amurka. Farfesa Ɗalhatu Muhammad na ABU shi ya tattara waƙoƙin Aƙilu aka buga Fasaha Aƙiliya. Farfesa Sa'idu Gusau ya bi makaɗa ɗaya bayan ɗaya ya rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu, Farfesa Ɗangambo a BUK ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa da har yau ɗalibai ke bi. ABU ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Matsalarmu ba rashin masu yi ba ce, aikin yana nan a kanta ƙura ta rufe, kundin digiri nawa ne a Kano da Zariya da Sakkwato da ba a taɓa bugawa ba, kaset nawa ne suka lalace. Nasa ya fita duniya don an buga shi da kyau kuma da harshe biyu.

Baban Walid: Tunda an zo yabo bari in ɓata muku. Ku tambayi Malam wane ne abokin mutumin nan. Emmanuel Ifeajuna. Wanda ya shiga gidan Tafawa Ɓalewa da dare nan Legas ranar 15 ga Janairu 1966 ya fito da shi, wanda ya harbe Birgediya Maimalari. Da juyin mulkin ya watse ya gudu Ghana, su wa suka je suka taho da shi? Clark ɗin nan da abokinsa mawaƙi Okigbo. Sai mu zauna muna tafa wa waƙar shanu, yana jin tausayin shanunmu amma masu shanun fa?

Sani Mile 12: Kai!! Malam da gaske ne?

Malam Ticha: Abota gaskiya ce, tare suka yi Ibadan, Ifeajuna sananne ne tun kafin soja don shi ya ciyo zinare a tsalle a wasannin Commonwealth na 1954. Zuwa Ghana ma gaskiya ne. Amma Baban Walid ka faɗi ƙarshen labarin mana, da aka dawo da shi gidan yari ya wuce ba gidan biki ba, daga baya kuma Ojukwu ne ya sa aka harbe shi a Enugu a 1967. Kuma da yaƙi ya ɓarke Clark bai bi Biyafara ba, ɓangaren tarayya ya tsaya, alhali manyan abokansa Achebe da Okigbo suna can, Okigbo ma a fagen daga ya mutu kusa da Nsukka a 1967. Wannan tsayuwar ta jawo masa gaba da mutanen da suka tashi tare, an daɗe ba a ga maciji tsakaninsa da wasunsu. To ka ga can suna ce masa ya ci amana, nan kai kana ce masa abokin makasa.

Baban Walid: Ni ban ce ya kashe kowa ba. Na ce a riƙa faɗin duka. Yaranmu suna haddace sunayen mutanen nan ba su san inda suka tsaya ba ranar da aka yi mana ɓarna

Ummi Akoka: Kawu wallahi a aji ba a taɓa gaya mana wannan ba, salo da jigo kawai ake yi

Baban Walid: Kin ji ko

Admin: Jama'a a yi a hankali don Allah, tarihi ake ba faɗan ƙabila ba. Duk wanda ya zagi wata ƙabila zan goge, mun sha faɗa. A ci gaba.

Tsohon Soja Obalende: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓo ni. Baban Walid ƙanena, tunda ka ce a faɗi duka to a faɗi ta Vatsa. Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa mutumin jihar Neja, ministan Abuja, shi ma mawaƙi ne yana rubutawa har da turancin buroka, shi ya ba ƙungiyar marubuta fili a Abuja. Aka kama shi ƙarshen 1985 aka ce da hannunsa a shirin juyin mulki, kotun soja ta yanke masa kisa. Su wa suka taka har Dodan Barracks, nan bayan gidana, suka roƙi Babangida ya bar shi da rai? Achebe da Soyinka da J.P. Clark. Mutum uku 'yan kudu, ba addini ɗaya ba yare ɗaya, suka je roƙon ran ɗan arewa musulmi a lokacin da manya da yawa suka kama bakinsu don tsoro. An karɓe su an yi musu magana mai daɗi suka fito da sa rai, ba a jima ba ranar 5 ga Maris 1986 aka harbe shi da sauran hafsoshin a Kirikiri. Ina cikin kaki lokacin, ranar bariki ko tari mai ƙarfi ba ka ji. Roƙon bai yi amfani ba amma sun je.

Alhaji na Kara: Allah ya jiƙan Vatsa. Na tuna lokacin, a rediyo muka ji

Baban Walid: Yallaɓai na ji kuma na karɓa, wannan abin a yaba ne. Amma marubuci ɗan'uwansu suka je ceto, da wani kurtu ne daga Gumel ba su san hanyar Dodan Barracks ba

Tsohon Soja Obalende: Kowa nasa yake fara sani. Kai ma da aka kama yaran Idi-Araba ai ba na Mushin ka je beli ba

Sani Mile 12: 😂😂 Yallaɓai ya iya harbi har yanzu

Malam Ticha: Sani ga amsar tambayarka ta ɗazu. Bayan yaƙi a 1970 ya fitar da Casualties, waƙoƙin yaƙin, inda yake cewa ba waɗanda suka mutu kaɗai ne yaƙi ya ci ba, har masu rai, har waɗanda suka yi ta yawo ƙasashen waje suna magana da sunan masu mutuwa, kowa ya gane da su wa yake. Mutane da yawa suka ce a'a, ba za ka haɗa yaron da yunwa ta kashe da farfesan da ke zaune a Akoka ka ce duk ɗaya ba ne. Wani matashi a lokacin, Odia Ofeimun, ya fitar da littafi a 1980 mai suna The Poet Lied, kowa ya ɗauka da Clark yake, Clark ya tayar da rigima har kamfanin da ya buga ya janye littafin daga kasuwa. To a nan ni ban goyi bayan Clark ba ko kaɗan. Kai da kake koya wa yara sukar rubutun wasu, in an soki naka sai ka amsa da alƙalami. An san shi da zafin rai dama, ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, waɗanda suka yi hulɗa da shi sun sha faɗa.

Malam Ticha: Kuma in za a bar ni in faɗi ra'ayina, ra'ayi ne ba fatawa ba, waƙoƙin da za su rayu su ne na ƙuruciya, Night Rain, Ibadan, Abiku, Streamside Exchange, da ta shanun nan, waɗanda yawanci suna cikin A Reed in the Tide na 1965. Na baya irin su State of the Union na 1985 ƙorafi ne kan yadda ƙasa ta lalace, gaskiya ce yake faɗa amma da yawansu in ka karanta kamar sharhin jarida aka yanka layi-layi. Yaron da ya taso a bakin ruwa yana kallo ya fi farfesan da ya san komai iya waƙa.

Ummi Akoka: Malam a nan kam ban yarda ba. Ba jami'a ce ta rage masa ba, ƙasar ce ta canza. Wanda ya ga an kashe abokansa ta kowane ɓangare ya za a yi ya koma yana waƙar ruwan sama? Kuma mawaƙi Niyi Osundare fa, shekara nawa yana koyarwa a Ibadan kafin ya tafi New Orleans, waƙoƙinsa ba su bushe ba, shi har rerawa yake yi da Yarbanci a tsakiya in yana karantawa

Malam Ticha: Osundare hujja ce mai kyau, na ba ki wannan. Amma shi da gangan ya ce waƙa ta koma kasuwa, littafinsa na farko ma sunan da ya ba shi ke nan, kuma su Clark ɗin yake yi wa tawaye. Sai ki rubuta haka a aikinki ki kare shi, kada ki bi nawa don na girme ki.

Baban Walid: To kun ga wanda yake rerawa shi ne mawaƙi. Mun dawo kan maganata

Hajiya Mai Atamfa: Kai dai Baban Walid ba a kayar da kai. Yana raye ne mutumin?

Malam Ticha: Ya mutu ranar 13 ga Oktoba 2020 nan Legas. Ba mamaki ba ki ji ba Hajiya, daidai lokacin zanga-zangar EndSARS ne gari ya rikice hankalin kowa yana kan titi, mako ɗaya bayan nan aka yi abin Lekki. Abin da ya ba mutane mamaki wasiyyar da ya bari, ya ce kada a ajiye shi a firjin asibiti ana jiran biki, a kai shi gida a binne cikin kwana uku, kuma haka aka yi, aka kai shi Kiagbodo. Kin san yadda manyan kudu suke yi, gawa ta yi wata biyu wata uku ana ɗinka anko ana buga kati.

Hajiya Mai Atamfa: Ni zan gaya maka, ai mu muke sayar musu da ankon. Da duk irinsa ne da mun rufe shago a Balogun

Alhaji na Kara: Mu ma haka Hajiya, biki ɗaya na babban mutum sa nawa yake ci. Wannan bai yi wa 'yan kara adalci ba sam

Sani Mile 12: Malam a ina ake samun littafin Ozidi ɗin? Ba don ni ba, ƙanena ne yake son irin labaran nan na yaƙi da tsafi

Malam Ticha: Sabo da wuya, kuma in ka samu da tsada. Ka gwada masu tsofaffin littattafai na Yaba da Ojuelegba, ka ce musu wasan kwaikwayon kake so Ozidi kawai, shi ƙarami ne ya fi sauƙin karantawa, babban sai mai haƙuri. In ba a samu ba Ummi ta duba muku laburaren makarantarsu.

Ummi Akoka: Zan duba gobe in sha Allah amma ba a fita da shi sai dai ya zo ya zauna ya karanta, kuma sai da katin ɗalibi

Baban Walid: Kun gani ko. Imfiraji ko a bakin masallacin Agege ka tsaya za ka samu, ba kati ba layi

Tsohon Soja Obalende: Yaushe rabonka da ka saya?

Baban Walid: Yallaɓai ana kiran sallah, sai anjima